ƘURAR ATOM KO ƘARANCIN RUWA: WANNE YA KE HANA ITATUWANMU GIRMA?

Yau maganarmu a kan itatuwa ce. Watakila ka ce, ina ruwan mai jiran magani da zancen itace? To, miyar kukar da a ke sha a gidanka, da daddawar da a ke sa mata, da man kaɗen da a ke shafa wa jariri, da inuwar da marasa lafiya su ke zama kafin malamin asibiti ya kira su, duk daga itace suka fito. Ƙasar da itatuwanta suka tsumbure, yaranta ma ba su daɗewa su ke bin sawu. In ka iya karatu, ka karanta wa na kusa da kai wannan takarda don su ma su ji.

Abu biyu za mu auna. Na ɗaya shi ne ƙurar bom ɗin atom, wadda ta tsorata mutanen ƙasan nan ƙwarai cikin 1960. Na biyu kuwa shi ne ƙarancin ruwan sama. Za mu bi tarihin kowanne, mu ga wanda ya fi yi wa itatuwan Samaru da Sabon Gari da sauran ƙasar Zazzau ɓarna.

YADDA ITACE YA KE AJIYE TARIHINSA

In ka je wurin masu sayar da katako ko itacen wuta a Sabon Gari, ka dubi bakin gungumen da aka yanka da zarto. Za ka ga zobe-zobe, wani cikin wani, tun daga zuciyar itacen har zuwa ɓawo. A ƙasa irin tamu mai damina ɗaya da rani ɗaya, itatuwa da yawa su kan yi zobe guda kowace shekara. Da damina itace ya sha ruwa ya ƙara kauri, da rani ya tsaya cik, sai layi ya fito a inda ya tsaya. Shekarar da ruwa ya wadata zoben ya kan yi faɗi. Shekarar fari kuwa sai ya tsuke.

Masana sun gwada wannan a Afirka ta Yamma. Cikin 2006 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashen Binin da Kwaddibuwa a kan itatuwa iri shida, a cikinsu har da doka da maje da marke da madobiya da kawo, watau irin waɗanda ke dajin Zazzau. An tarar faɗin zobensu yana bin yawan ruwan shekara. Ashe ke nan tsohon itace littafi ne, wanda ya iya karanta shi zai san shekarun ƙoshi da na wahala. Ka riƙe wannan, gama da shi za mu yi awo nan gaba.

BOM A CIKIN HAMADA

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, da sassafe, Faransa ta fasa bom ɗinta na atom na farko kusa da wani gari mai suna Raggan, a hamadar ƙasar Aljeriya, wadda a lokacin ta ke hannunta. Ƙarfinsa ya fi na wanda Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima cikin 1945 wajen sau huɗu. Daga Raggan zuwa Zariya ya fi mil 1,100, amma watan Fabrairu lokacin hunturu ne, kowa kuwa ya san daga arewa iskar hunturu ta ke zuwa da hazonta. Saboda haka hankalin jama'a ya tashi tun kafin a yi gwajin. Manomi yana tunanin gyaɗarsa da audugarsa, makiyayi yana tunanin nonon shanunsa.

A sa'an nan Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba tukuna. Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai kukan jama'a ga Gwamnatin Ingila, aka kafa wuraren auna ƙurar iska a waɗansu garuruwan ƙasar. Faransa ba ta fasa ba. Ta sake gwaji ran 1 ga Afril, ta kuma yi na uku ran 27 ga Disamba, bayan Nijeriya ta sami mulkin kai. Sai cikin Janairu 1961 Gwamnatin Nijeriya ta sallami jakadan Faransa daga Ikko, ta hana jiragenta na sama da na ruwa sauka a ƙasar. Gana kuwa tun farko ta riƙe dukiyar Faransawa da ke hannunta. Faransa ta yi gwaji na huɗu a sarari ran 25 ga Afril, 1961, sa'an nan ta koma yi a ƙarƙashin dutse har zuwa 1966. Jimlar gwajin da ta yi a Aljeriya 17 ne.

Tsoron da aka ji yana da dalili. Cikin 2014 wata jaridar Faransa ta buga taswirar sojan ƙasar da aka daɗe ana ɓoyewa. Taswirar ta nuna ƙurar gwajin farko ta isa Njamena ta ƙasar Cadi washegari, ta isa Bamako bayan kwana huɗu, ta watsu a kan Afirka ta Yamma, bayan kwana 13 kuma ta kai gaɓar ƙasar Sifen. Waɗanda suka fi shan wuya su ne mazauna hamadar kusa da wurin, da leburori da sojan da aka sa aiki a can.

MENE NE CIKIN WANNAN ƘURA?

In an ɗauki hoton ƙirjinka a babban asibiti, wani haske ne wanda ido ba ya gani ya ke ratsa jikinka. Kaɗan daga cikinsa ba ya cuta, shi ya sa likita ya ke aiki da shi da awo. Mai yawa kuwa yana ƙona nama, yana ɓata jini. Ƙurar atom tana fid da irin wannan haske, wanda a ke kira tururin atom. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano.

Abubuwa uku na cikin ƙurar su ne likitoci suka fi kula da su. Akwai aidin 131, wanda ya kan sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya bi nono ya shiga wuyan yaro. Shi ba ya daɗewa, kowane kwana 8 rabin ƙarfinsa ya kan tafi. Akwai sitironshiyom 90, wanda ya kan zauna cikin ƙashi. Akwai kuma siziyom 137, wanda saiwar itace ta kan zuƙa tare da abincinta, gama ya yi kama da gishirin nan na cikin toka wanda tsiro ya ke so. Waɗannan biyu na baya sai sun yi wajen shekara 30 kafin rabin ƙarfinsu ya tafi. Watau siziyom ɗin da ya sauka cikin 1960, zuwa 1990 saura rabi, zuwa 2020 saura kashi ɗaya cikin huɗu.

ABIN DA YA SAMI ITATUWAN CARNOBIL

In muna so mu ga ɓarnar da wannan ƙura ta ke yi wa itace in ta yi yawa, tilas mu bar ƙasarmu mu tafi ƙasar Yukiren, wadda a da ta ke cikin Tarayyar Sobiyet. Ran 26 ga Afril, 1986, tukunyar wata tashar wutar lantarki mai aiki da atom ta fashe a wani wuri da a ke kira Carnobil. Cikin wannan shekara aka kwashe mutum wajen 116,000 daga kewayen. Zuwa 2005 an sami mutum fiye da 6,000 da ciwon daji na ƙullin wuya, inda maƙoƙo ya ke fitowa, cikin waɗanda su ke yara a lokacin, galibi saboda nonon da suka sha mai aidin.

Dab da tashar akwai dajin wani itace da a ke kira fayin, mai ganye siriri kamar allura, irin wanda malaman daji suka shuka a gandun Afaka kusa da Kaduna. Cikin 'yan makonni ganyensa ya koma ja, itatuwan suka mutu a tsaye, har aka sa wa wurin suna Jan Daji. Itatuwa masu faffaɗan ganye sun fi jurewa, da yawa sun sake toho.

Bayan shekaru wani malami na wata jami'ar Amurka, Timothy Mousseau, da abokan aikinsa suka huda itatuwan fayin 105 na yankin, suka zaro ɗan sili daga kowanne, suka auna zobensa. An buga abin da suka gano cikin 2013. Zoben 1987 da 1988 da 1989 sun tsuke ƙwarai a wuraren da ƙurar ta fi sauka. Ƙananan itatuwa sun fi manya jin jiki. Waɗansu kuma kansu ya mutu, suka yi ta fid da rassa barkatai maimakon su miƙe. Amma ga babban abin lura. Bayan shekarun nan uku sun wuce, itatuwan da ƙurar ta taɓa ba su koma daidai ba. Duk shekarar da aka yi fari ko yanayi ya tsananta, su ne suka fi tsayawa da girma. Masifar farko ta rage musu ƙarfin jure wa ta biyu.

Kowace uwa ta san irin wannan. Yaron da ya tashi daga ƙyanda, in gudawa ta same shi a watan da ya biyo, ta fi kayar da shi bisa ga ɗan'uwansa da bai yi ƙyandar ba. Haka itace ya ke.

An kuma tarar busasshen ganyen da ke zuba a dajin nan ba ya ruɓewa da wuri, domin ƙwari da ƙananan halittun ƙasa masu cinsa sun ragu. Ganye ya taru, taki bai koma ƙasa ba, gobara kuma ta sami abinci, kamar wadda ta ci dajin cikin Afril 2020.

TO, NAMU ITATUWAN FA?

Carnobil a gindin tashar dajin ya ke. Mu kuwa tsakaninmu da Raggan akwai hamada guda. Abin da iska ta kawo mana ɗan mitsitsi ne ƙwarai in an gwada da wanda ya ke iya ƙona itace ko ya hana shi girma. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da rimayen nan da birnin Zariya ya yi suna da su, duk sun ci gaba da toho kamar yadda suka saba.

Amma akwai tambarin da zamanin ya bari a jikinsu. Tsakanin 1945 da 1980 manyan ƙasashe sun fasa bom na atom fiye da 500 a sarari, mafi girma su ne na Amurka da Rasha. Wannan ya sa wani abu da a ke kira kabon 14 ya kusa ninkawa cikin iskar arewacin duniya wajen 1963 zuwa 1965. Itace da ganyensa ya ke shan iska ya gina jikinsa, saboda haka kowane itacen da ke raye a lokacin ya ajiye wannan alama a zoben shekarun nan. Tsohon maɗacin bakin hanya a Sabon Gari yana da ita, dattijon da ke zaune a ƙarƙashinsa ma ya ci hatsin da ke da ita. Ba ta sa ciwo. Har ma ta zama abin amfani, gama masana su kan nemi zoben da ke da ita, su ƙirga daga nan su san shekarun itacen daidai. Cikin 1963 Amurka da Rasha da Ingila suka sa hannu a kan su daina gwaji a sarari, daga nan abin ya yi ta raguwa. Cikin 1996 kuma ƙasashen Afirka suka sa hannu a Alƙahira a kan yarjejeniyar hana makaman atom a nahiyar.

Hazon hunturu fa? Mafi yawansa daga wani busasshen kwari ya ke tasowa a arewacin Cadi, mai suna Bodele. Cikin Maris 2022 hazon hamada ya rufe ƙasashen Turai, masana suka tara shi suka auna. An buga sakamakon cikin 2025. Sauran ƙurar atom da ke ciki bai kai yadda zai cuci lafiya ba, kuma irinsa ya fi kama da na manyan gwaje-gwajen Amurka da Rasha. A nan gida ma akwai masu wannan ilmi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar binciken makamashi, inda aka kunna wata 'yar ƙaramar tukunyar atom ta bincike cikin 2004, mai ƙarfin kilowat 30 kacal a lokacin, ana aiki da ita wajen auna abin da ke cikin ƙasa da dutse da tsiro.

SHEKARUN FARI

Yanzu sai mu juya ga na biyu. Cikin 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda cikin 1962 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Shekara da shekaru ma'aikatanta suna auna ruwan da ya sauka suna rubutawa. A shekara mai kyau Samaru ta kan sami wajen inci 40, watau milimita 1,000 ko fiye kaɗan, kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba. Sauran watannin itace da abin da saiwarsa ta tarar a ƙasa ya ke rayuwa.

Kakanninmu sun ga yunwar 1913 da 1914, wadda a ke kira Kakalaba, tun ba a san wani abu wai shi bom na atom ba. Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 shekarun ruwa ne. Daga wajen 1968 ruwa ya fara ja da baya. Aka yi babban fari cikin 1972 da 1973, aka sake wani cikin 1983 da 1984. A ƙasashen bakin hamada, ruwan shekara 30 ɗin da suka biyo bayan 1968 ya gaza na tsakanin 1931 da 1960 da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari. Rijiyoyi suka ƙafe, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa da saiwa. Wani bincike da aka buga cikin 2012, wanda ya gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na zamani, ya nuna a yammacin wannan yanki wajen itace ɗaya cikin shida ya ɓace tsakanin 1954 da 2002. Itatuwa masu 'ya'ya, masu son ruwa, sun fi masu ƙaya raguwa.

Wani zai ce, ko bom ɗin ne ya kori ruwan? Masana yanayi sun bi sawun abin, suka tarar babban dalilin shi ne sauyin ɗumin ruwan teku, wanda daga gare shi iskar damina ta ke ɗebo ruwa, hayaƙin masana'antun Turai da Amurka kuma ya taimaka. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma zafi ya ƙaru, ruwan kuma ya kan zo da ƙarfi a lokaci guda ya wuce.

GATARI DA WUTA

Ka tuna da darasin Carnobil, cewa itacen da ya sha wata wahala ba ya jure wa fari. A ƙasarmu wahalar farkon nan da hannunmu mu ke yinta. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya cikin 1911, Sabon Gari ya kafu a gefenta, jama'a suka yi ta ƙaruwa. Samaru ma da makarantu suka zo ta zama gari. Kowane gida yana bukatar itacen girki, sai dajin doka ya yi ta matsawa nesa. Itacen da ya tsira daga gatari, ana sassaƙe ɓawonsa don magani, ana datse kansa don dabbobi, wutar farauta kuma tana lasar gindinsa kowane rani. Irin wannan itace, in shekarar fari ta zo, shi ya ke fara bushewa.

Cikin 1964 aka buɗe tashar binciken itatuwan daji a Samaru, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi ta gwada irin itatuwan da za su yi saurin girma a ƙasa mai dogon rani, kamar turare. Manoman ƙasar Maraɗi kuwa wata hanya suka bi daga shekarun 1980. In kututture ya yi toho a gona ba su sare shi duka, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su kiyaye su. Suna kiran abin sassaben zamani. Da wannan dabara aka rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, inda ruwa bai kai na Zazzau ba ko kusa.

ABIN DA ZA KA YI

1. In za ka ɗebi sassaƙe, ka ɗiba gefe ɗaya. Kada ka kewaye itace, gama ta cikin ɓawo abincinsa ya ke bi.

2. Kada ka sa wa daji wuta da tsakiyar rani. Ka share ciyawa daga gindin ƙananan itatuwa kafin hunturu.

3. In kana sassabe, ka bar tohon ɗorawa da kaɗanya da gawo da kuka. Ka shuka zogale a bayan gida. Ƙaramin itace, kamar ƙaramin yaro, shi ya fi bukatar ruwa da kariya a shekarunsa na farko.

4. Hazon hunturu yana kawo tari da ciwon ido, lokacinsa kuma shi ne lokacin sanƙarau, wanda cikin 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Ka rufe abinci da randa, ka kai yara allurar rigakafi, kada a cunkushe a ɗaki marar taga. Jerin itatuwa a arewa da gabashin gida yana rage ƙura.

5. Kada ka yi gini ko daɓe da baƙin yashin da ya rage a wuraren wankin kuza, irin na ƙasar Jos, gama waɗansunsa suna fid da tururin atom.

6. In kana sana'ar tsofaffin ƙarafa, ka ga wani ƙarfe mai nauyi da alama mai kamar fanka mai kunne uku a kan rawaya, kada ka fasa shi, kada ka kai shi gida. Ka gaya wa hukuma. Cikin 1987 irin wannan ya kashe mutum huɗu a ƙasar Birazil.

Jama'a, ƙurar atom abin tsoro ce inda ta sauka da yawa, shugabanninmu na 1960 kuwa sun yi daidai da suka ƙi yarda a mai da hamada wurin gwaji. Amma abin da ya tsuke zoben itatuwanmu shi ne fari, wanda ya tarar da su gatari da wuta sun riga sun raunana su. Saukar ruwa ba a hannunmu ta ke ba. Gatari da ashana kuwa a hannunmu su ke. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya.